Sai Kin Gan Shi a Rana

Shagon Anti Ƙyalli yana ƙarƙashin matakalar bene, a wani dogon gini mai shaguna da yawa, tsakanin mai gyaran waya da wani tela da ba ya son magana. Shagon ba shi da taga. Duk mai shiga sai ya sunkuyar da kai, domin rufin ya bi gangaren matakalar, kuma ko wa ya hau ko ya sauko za ka ji takunsa a tsakar kanka. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujeru biyu, da katakai a bango da aka jera kwalaben jan farce a kansu. Dogon ƙwan lantarki ne ke haska wurin, irin farin nan da ke mai da fuskar kowa ta mai jinya.

Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba. Ƙyalƙyalin da take shafa wa mutane ne ba ya rabuwa da ita. Za ka gan shi a girarta, a gefen hancinta, a bakin mayafinta, wani lokaci har a kofin shayinta. Mai gyaran waya yakan ce ranar da ta ɓata ba sai an yi cigiya ba, bin sawu kawai za a yi. Amma nata faratan babu ko ɗigon launi a kansu. Ruwan goge farce ya cinye mata fatar yatsu, babban ɗan yatsanta na dama kullum a tsage yake, naɗe da filasta.

Ta bakin ɗiyata na fara saninta. Yarinyar da sikila aka haife ta, kuma ta kai shekarun jami'a tana fama da ita. Idan ciwon ya tashi babu gaɓar da yake ƙyalewa. Ta taɓa ce mini, "Mama, a duk jikin nan farce ne kaɗai bai taɓa yi mini ciwo ba, ai dole in kyautata masa." In ta fito daga lacca sai ta biya shagon, ta zauna a kujerar baƙi idan babu kowa, ta yi ta shafe-shafe a faratan roba, tana ɗora wannan launi a kan wancan don ta ga abin da zai fito. Anti ta sa mata suna 'Yar Gwaji. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Na yi shekaru ina koya wa yara yadda haske ke karyewa ya rabu launi-launi, amma ban taɓa shafa komai a farcena ba, ban kuma taɓa zuwa shagon ba. Iyaka dai in ce wa yarinyar ta buɗe tagar ɗakinta saboda wari.

Ranar da muka kai ta asibiti karo na ƙarshe faratanta a shafe suke. Da yammacin jiyan ta shafa, a ɗakinta, kafin ciwon ya tashi. A kan gadon asibiti ta ɗaga mini hannu tana cije leɓe, ta ce, "Kin ga wannan? Shi na daɗe ina nema. Ko Anti ba ta gan shi ba tukuna."

Na duba. Shuɗi ne mai duhu da ya ja zuwa ruwan toka, da wasu ɗige-ɗige shuɗɗa a ciki. Na ce ya yi kyau.

"Kai, Mama, faranta mini kawai kike yi. A nan ba komai ba ne. Sai kin gan shi a rana."

Ba mu fita rana ba. Nas ta ce ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini ba ya iya aiki ta cikin fentin, sai an goge. Aka goge. Bayan 'yan kwanaki ta rasu.

Akwatin kwalabenta ya daɗe a kan kantar ɗakinta ban taɓa shi ba. Wata rana babanta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko za a ba 'ya'yan ƙanwarsa, kada su lalace a banza. Bai shiga ɗakin ba, har yau ma ba ya shiga. Da na buɗe akwatin sai na tarar rabinsu sun yi kauri kamar ƙaro, ƙyalƙyalin ya kwanta a gindin kwalba. Na rufe, na ɗauka, na tambayi wata ƙawar yarinyar hanyar shagon.

"Ke ce mamanta," in ji Anti, ina gama sallama. "Goshin ne iri ɗaya. Kula da kanki, Malama, rufin nan ba ya girmama kowa."

Ta yi mini ta'aziyya a taƙaice, kamar wadda ta san doguwar magana gajiya take ƙarawa. Ta ce ta zo gidanmu a kwanakin zaman makoki, ta zauna can baya cikin mata, ta tashi ba ta gaishe ni ba. "Da an ce wace ce, in ce me? In ce ni ce mai farce?"

Na faɗa mata abin da ya kawo ni: ina so in ga launin nan a rana. Ban san kwalaben da aka haɗa ba, ban san wanne aka fara shafawa ba, na dai san yadda yake a cikin ɗaki.

Ta yi ta fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana karkata kowace ta ga ko da sauran rai. Da ta zo kan wata 'yar ƙarama, wadda rubutun jikinta ya goge, sai ta tsaya. Abin cikin ruwan toka ne, kamar jiƙaƙƙen siminti.

"Wannan ce uwar tafiyar," ta ce. "Mai bakan gizo. Ɗiyar yayanki ce ta kawo mata daga tafiya, ko? Na neme ta har na gaji. Waɗanda ke kasuwa garinsu kamar yashi ne, wannan kuwa kamar hayaƙi." Ta ɗaga kwalbar kusa da ƙwan lantarki ta kanne ido. Abin da ya rage bai kai rabin gaɓar yatsa ba. "Sauran duk ina da irinsu. Wannan kowane gwaji zai ci daga cikinta, in ta ƙare kuwa ta ƙare. Kin yarda?"

Na ce na yarda. Na ɗauka gwaji biyu ko uku zai ishe mu.

Ta fara da baƙi a farcen roba, ta bari ya bushe, ta ɗora mai bakan gizon siriri a kai. A ɗakin abin ya fito kamar guntun allo da aka goge bai gogu ba. Ta miƙe tana dafa ƙugu ta ce, "Mu je kotu."

Kotun wata 'yar matakala ce a ƙofar bayan ginin, kusa da tankin ruwa. Rana takan faɗo wurin bayan ta karkata, ta ɗan jima, sannan inuwar ginin gaba ta haɗiye ta. Duk wadda aka shafa wa mai bakan gizo, can Anti take kai ta kafin ta tafi, domin a cewarta ƙwan lantarki shaidar zur yake bayarwa. Ta ce mata da yawa sun tashi za su yi faɗa a cikin shago, sun je kotu sun dawo suna ba ta haƙuri.

A rana farcen robar ya buɗe. Layuka ja da kore da ruwan ɗorawa suka bi bayansa, suna gudu in an juya shi. Na san dalilin hakan, na sha zana shi a allo, amma ban taɓa riƙe shi a hannu ba. Sai dai ba shi ba ne. Wanda na gani a asibiti shuɗi ne, kuma yana da ɗige-ɗige.

Haka muka shiga gwaji. Nakan zo bayan an tashi makaranta, in zauna a kujerar baƙi in babu kowa, in tashi tsaye a jikin ƙofa in an zo. Muka shafa mai bakan gizon a kan shuɗi mai duhu, muka shafa a kan shuɗi mai haske. Matsalar ɗige-ɗigen ce. A akwatin yarinyar babu shuɗin ƙyalƙyali ko ɗaya, sai mai ruwan azurfa da wani mai ruwan zinariya da ya riga ya daskare. Anti ta ce wataƙila kwalbar ta faɗi a wani wuri. Na ɗaga katifa, na duba jakar makarantarta, ban sami komai ba. Sai Anti ta ɗauko nata shuɗin ƙyalƙyalin, ta ɗiɗɗiga shi a sama da ɗan soso, kamar yadda kowa yake yi. Ya yi kyau, amma ɗigon ya zauna a sama yana ƙarce yatsa. Na yarinyar sumul yake, ɗigon kuma can ciki, kamar tsakuwa a gindin ruwa. Anti ta ƙara shafin rufi mai kauri. Bai shiga cikin ba.

Aikin jira ne, domin kowane shafi sai ya bushe kafin a ɗora wani. A wannan jiran na san ko wace ce Anti.

Babanta mai fentin mota ne. Tun tana ƙarama ita ce mai motsa masa gwangwani, saboda 'yan'uwanta maza sun ce warin yana sa su amai. A wurinsa ta koyi cewa fenti ba a yi masa gaggawa, kuma shafi siriri uku sun fi mai kauri ɗaya. Ta ce in direba ya kawo mota da gefe ɗaya a kwarzane, baban yakan kira ta ya ce, "Zo, mai ido," ta tsaya ta faɗi ko haɗin ya yi ja da yawa ko kore ya gaza. Bindigar feshi ce bai taɓa bari ta riƙe ba sai sau ɗaya, a kan wata tsohuwar ƙofar mota da za a yar. Da ta girma aka ce gareji ba wurin budurwa ba ne, ta koma gida.

Ta auri direban babbar mota. Ta ce mutumin kirki ne, sai dai ta fi sanin jakarsa da fuskarsa. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu ya bar ta da yara maza biyu. Ta yi shara a shagon gyaran gashi, ta yi wankin tawul, har wata rana mai yin farcen wurin ba ta zo ba, amarya kuwa tana zaune tana jira. Daga nan ta fara. Ta yi shekaru tana bin gidaje da kwando, kafin ta sami wannan lungun da kowa ya ƙi.

"Nan na yi furfura," ta ce. "Hancina ma nan ya mutu. Kin san ba na jin warin komai? Ranar nan girki ya ƙone ƙurmus ina zaune a kansa, sai da maƙwabciya ta buga ƙofa."

Idonta ma ya fara tafiya. Tabarau biyu take sawa, ɗaya a kan ɗaya, in za ta yi aiki kusa da fata. Ba ta faɗa wa masu zuwa ba, amma na lura ta daina karɓar zane mai ƙanana, takan ce ya fita yayi. In ta sunkuya ta daɗe, sai ta dafa tebur da hannu biyu kafin ta iya miƙewa. Babban ɗanta, wanda ke aiki a wani gari, ya daɗe yana cewa ta rufe ta koma wurinsa ta huta. Mai ginin kuma yana son lungun, zai jera mitocin wuta a ciki. Ta daɗe tana ce musu sai wani watan.

Na tambaye ta ko tana son aikin. Ta hura farcen roba.

"Malama, ban sani ba. Na dai iya. Mace takan shigo da fuska a murtuke, ta ba ni hannu, ba ta ce komai ba ni ma ban ce ba. Ba kowa ake riƙe wa hannu ba, kin gane? Wata tun da ta tashi da safe ita ce mai riƙe na wasu." Ta ajiye farcen. "Amma na gaji. Wallahi na gaji."

Game da yarinyar ba ta yawan magana, sai in abin ya zo da kansa. Ta ce 'Yar Gwaji ta fi kowa ɓata mata auduga da surutu. Ta ce in ciwon ya fara taɓa ta a shagon, takan yi shiru ta ci gaba da shafawa, Anti ta gane ne daga yadda take riƙe buroshi. Wannan ban sani ba sai a ranar.

Faratan roba suka taru a wani murfin kwali, kowanne da kyansa, babu wanda yake shi. Ƙaramar kwalbar kuwa ta yi ƙasa har buroshi ya daina kaiwa sai an karkata ta. Wata la'asar Anti ta ɗaga ta, ta daɗe tana kallo, ta mayar da murfin ta ɗaure.

"Saura farce ɗaya, Malama. In mun matsa, ɗaya. Ni ba zan ƙara taɓa ta a kan tsammani ba." Ta tura mini kwalbar. "Kuma na ce wa babban ɗana to. Ƙarshen watan nan zai zo da mota."

Na mayar da kwalbar jaka. Na yi tunanin in bar ta haka, in ajiye a kanta, in san dai akwai sauran abin da ta taɓa da hannunta. Kwana biyu ban je ba. A aji na rubuta darasi a allo na juyo na manta ajin da nake. Da na koma shagon, ban je da niyyar gwaji ba. Na je ne don ƙafata ta saba.

Na tarar da wata ma'aikaciyar banki ta zo a cire mata ƙyalƙyali. Anti ta jiƙa auduga, ta ɗora a kowane farce, ta naɗe da takardar azurfa, suka zauna jira. Matar tana ta ƙorafin cewa abin nan shafa shi daɗi, cire shi azaba. Da aka warware, audugar ta fito dame-dame, ja da ƙyalƙyali a cakuɗe, farcen ya fita fes. Ina tsaye a jikin ƙofa ina kallo. Bayan matar ta tafi na ji bakina ya ce, "Nata ba haka ya fita ba."

"Na wa?"

"Na yarinyar. Ni na goge mata."

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, domin ba wanda ya tambaya. Nas ta ba ni auduga da wata 'yar kwalba ta wuce wurin wani majinyaci. Yarinyar ta miƙo manuniya ta ce ɗaya kawai, Mama. Daga baya yatsan ya yi sanyi, abin auna iskar jinin ya daina kamawa, aka koma wani, aka sake komawa wani, har aka gama da su. Duk ni na goge.

Anti ta cire tabarau ɗaya. "Zauna. Faɗa mini yadda ya fita. Kada ki tsallake komai."

Na rufe ido. Abin yana nan, ban san yana nan haka ba. Audugar farko ta ɗauko toka-toka, kamar an shafi bakin fensir. Ta biyu ta fito shuɗiya, shuɗi mai ruwa-ruwa, har ya ɓata mini yatsu. Na canza auduga har shuɗin ya ƙare. Sai ga ƙyalƙyalin a kwance a kan farcen, ya ƙi tashi, sai da na kankare shi da farcena a hankali, tana ce mini ina yi mata cakulkuli.

"Wane launi ne, da shuɗin ya tafi?"

"Fari. Ruwan azurfa."

Wani ya sauko daga bene da gudu, ƙura ta ɗan zubo a kan tebur.

"A ƙasa ta sa shi," ta ce. "Mu muna ta neman shuɗin ƙyalƙyali, ashe na azurfan ne ta binne, ta rufe shi da shuɗi mai ruwa, sannan ta yafa masa bakan gizo. Aikin babana ne wannan. In yana so mota ta yi kamar za ka tsoma hannu a cikinta, sai ya fara fesa azurfa, ya bi ta da launi siriri. Sau ɗaya na ba ta labarin, tana ta danna waya, na ɗauka ba ta ji ba." Ta goge hanci da bayan hannu, ƙyalƙyali ya ƙaru a wurin. "Ni da na gani da idona ban taɓa kawo shi kan farce ba. Ja'irar yarinya."

Shuɗi mai ruwan yana cikin akwatin tun farko. Mun ajiye shi gefe don mun ga ba ya rufe komai.

Ta ɗauko sabon farcen roba ta maƙala a ɗan sanda. Na ɗora hannuna a kan tebur.

"A'a, Malama. Roba za ki ajiye har jikokin wasu su gani. Naki sati biyu ya fara ɓarewa, kuma babu na sakewa."

"A hannu ta nuna mini shi."

"Ranar da ya ɓare za ki yi kuka."

"Ina yi dama, Anti."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ajiye sandan. "Wanne?"

Na miƙa manuniya.

Ta kankare farcen, ta ture fatar gindinsa, tana mitar cewa alli ya busar mini da hannu kamar na mai gini. Ta shafa shimfiɗa, shafin farko marar launi. Ta ɗiɗɗiga azurfar da soso, ba da yawa ba, ta bar fili tsakaninsu. Muka jira. Ta shafa shuɗin, ɗigon ya ɗan nutse. Muka jira. Ta sake shafawa, ya ƙara nutsewa, ya koma shuɗi. Ta ji hannuna ya motsa, ta ce, "Tsaya cak, ba mu kai ba."

Ƙaramar kwalbar ba ta girgiza ta ba, ta ce kumfa zai shiga. Ta murza ta tsakanin tafukanta har ta yi ɗumi, ta kwantar da ita a gefe, ta zura buroshi ta lallaɓo abin da ya taru a kusurwa. Ta kafa ƙaramin yatsanta a jikin nawa don hannunta ya tsaya, ta ja buroshin sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a kowane gefe. Da ta mayar da shi kwalbar ya fito a bushe.

A ƙarƙashin ƙwan lantarki na duba. Shuɗi mai duhu da ya ja zuwa ruwan toka, da ɗige-ɗige can ciki. Shi ne.

"Mu je kotu," in ji Anti.

Muka bi ta gaban mai gyaran waya, ina riƙe da yatsa a sama. Ya ɗago kai ya ce, "Anti, yau kuma farce ɗaya ake yi? Lallai kasuwa ta faɗi."

"Gyara wayar mutane, sarkin sa ido. Tun shekaranjiya take hannunka," in ji Anti.

A bakin ƙofar baya muka tarar girgije ya rufe rana. Inuwar ginin gaba ta riga ta ci rabin matakalar. Anti ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafafu, ni ma na zauna kusa da ita. Tankin yana ɗiga. Na yi tunanin in rana ba ta fito ba yau, gobe tana nan, amma ban so in gan shi ni kaɗai a tsakar gida ba.

Sai ga ta, ta gefen girgijen, ta faɗo a kan gwiwoyinmu.

Na miƙa yatsan. Tokar ta tashi daga kansa gaba ɗaya. Shuɗin ya yi zurfi, azurfar da ke ƙasa ta kama wuta ɗaya-ɗaya, a sama kuma wani siririn baka ya kwanta daga gefe zuwa gefe. Da na juya hannu sai bakan ya tafi wani wuri, ɗige-ɗigen suka tsaya inda suke. Abu biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kowanne da tafiyarsa.

Anti ta kama hannuna ta kawo shi kusa da fuskarta, ta nesanta shi, ta sake kawowa. Ta cire tabarau, ta mayar.

"Ina ganin walƙiyar," ta ce. "Ƙananan ne ba na kamawa yanzu. Faɗa mini, Malama."

Na fara faɗa mata daga gindin farcen. Kore ne a nan, siriri. Sai ruwan ɗorawa. Sai wani ja da ba ya tsayawa, da na ce ga shi sai ya koma ruwan goro. A can bakin kuma shuɗin ya ci komai, sai ɗigo uku da ke haske kamar an kunna su daga ciki.

"Juya kaɗan. Yanzu fa?"

Na juya, na sake faɗa mata. Muka yi ta yi haka har inuwar ta hau ƙafafunmu, ta hau cinyoyinmu, ta kai hannun. Farcen ya koma ruwan toka.

"To," in ji Anti. Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Kada ki yi wanki da shi yau."

Da safe, kafin in fita, na kira baban yarinyar tsakar gida. Ya fito da tabarau a hannu yana tambayar ko lafiya. Na ce ya matso inda rana take. Ya riƙe yatsan ya daɗe yana juya shi. Daga baya ya ce in jira shi ya sa takalmi, zai raka ni bakin titi.

Ƙarshen wata ɗan Anti ya zo da mota. Yanzu mitocin wuta ne a lungun, an sa masa ƙofar ƙarfe. Farcen nawa ya tsiro, fentin ya matsa gaba ya bar fili a gindi, gefe ɗaya ya ɓare. Da hannun hagu nake wanke-wanke. Ran nan wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa ɗaya kawai, kuma mai duhu haka?" Na ce ta bari a tashi, ta same ni a waje.